Tafin da Madam Josephine Ta Rama

Duk Sabon Gari an san Madam Josephine da abu biyu: ɗinkinta ba ya warwarewa, fushinta ba ya hucewa. 'Yar ma'aikacin reluwe ce, a Unguwar Gabas aka yanke mata cibiya, in tana Hausa sai ka rantse Bazazzagiya ce. Shagonta yana unguwar PZ, amma ranta yana wurin wasan kwaikwayo. Tun tana budurwa take ɗinka wa wata ƙungiyar wasa kaya kyauta, don dai wata rana a bar ta ta hau dandamali.

Sai a 2002 aka bar ta, a wani zaure a Samaru. Za ta fito a matsayin matar da ta ɓace ta dawo, ta buɗe wasan da cewa, "Wa ya ce muku na mutu?" To, akwai Julius, ɗan ƙungiyar da ya taɓa neman aurenta ta ce a kai kasuwa. Shi ya zuga ɗalibai. Tana buɗe baki suka kaure da tafi. Baiwar Allah ta yi murmushi, ta zaci yabo ne. Ta sake gwadawa, tafi ya ƙaru, har da fito. Haka ta sauko da hawaye, ko kalma ɗaya ba a ji ba, kuma ba ta sake hawa ba.

Maƙwabcinta Callistus, tsohon malamin Turanci, ya zo ba ta haƙuri, sai ya ƙara wa wuta fetur.

"Madam Josephine, kin san kalmar da Turawa ke faɗa in bam ya tashi, explode? Daga Latin take, kuma da fari ba ruwanta da bam. A gidan wasan Rumawa, in ɗan wasa ya gundure su, sai su yi ta tafi da ihu har ya gudu. Wannan korar ce asalinta. Daga baya ta koma kan fashewar abu da ƙara, har da mutumin da fushi ya ci ƙarfinsa."

"Ashe abin da aka yi mini yana da suna," in ji ta. "Madalla!"

Ta haɗiye fushinta, ta ci gaba da taka keken ɗinki. Amma fa ramin mugunta, an ce a gina shi gajere.

Shekaru suka shuɗe, Julius ya yi tumbi, ya fito neman shugabancin 'yan kasuwar layinsu. Ranar jawabin 'yan takara a zauren taro, Josephine ta cika kujerun gaba da matan da ta sha ɗinka wa anko. Julius ya gyara babbar riga, ya ce, "Jama'a..." Tafi! Gogan naka har da rusunawa. Ya sake, tafi kamar ruwan sama a kan kwano. Can ya hango ta, ta harɗe hannu tana kallonsa. Gumi ya karyo masa, ya sulale ta ƙofar baya, shugabanci ya bi ruwa.

Zaure ya yi tsit. Madam Josephine ta miƙe, ta hau dandamalin a hankali, ta gyara ɗankwali, ta dubi jama'a.

"Wa ya ce muku na mutu?"

Har na bakin ƙofa sun ji ta.