Tuwon Sakinatu a Agadas

Sakinatu 'yar Lafagu ce, a ƙasar Bagudo, kusa da iyakar Dahome. Tuwon shinkafa da miyar busasshen kifi take sayarwa a bakin Kwara. Ɗanta ɗaya ne, Bunyaminu, magidanci mai jakuna. Shekarar da aka sami 'yancin kai ya bi ayarin wani madugu, Ma'azu, zuwa Agadas da goro. Ayari ya dawo babu shi. Madugu ya ce zazzaɓi ne, kuma an yi masa sutura. Daga baya wani ɗan ayarin ya faɗa mata gaskiya: ƙafarsa ce ta kumbura bayan Tawa, Ma'azu ya ƙi jira, ya bar shi da rai a gindin ƙaya, ya kora jakunansa.

Ba ta yi kuka gaban kowa ba. Ta ɗaure tukwanenta da kifi, ta bi fatake arewa.

Agadas ta ba ta mamaki. Gari ne ja, ga doguwar hasumiyar masallaci ta laka da itatuwa a jikinta, ga raƙuma sun fi jakunan Bagudo yawa. Ta koyi cin cuku da dabino, da gurasar da Buzaye ke gasawa cikin rairayi. Ranar da ba kasuwa takan bi mata masu itace zuwa duwatsun Azbin, ta hau har ƙafarta ta tsage, ta zauna tana kallon hanyar kudu. Ta kafa murhu kusa da zangon fatake. Kafin damina biyu, duk Bahaushen da ya sauka garin wurinta yake ci.

Wata rana da hantsi Ma'azu ya zauna a tabarmarta tare da manyan fatake. Bai gane ta ba. Ta zuba masa tuwo, ta ɗora masa kan kifi, ta jira ya ci rabi.

"Madugu, miyar ta yi?"

"Kamar ta gida, Goggo."

"Ita ɗana Bunyaminu ka so. Shina ina?"

Hannunsa ya tsaya cikin kwano. Ya dubi miyar, ya fara tofarwa.

"Ci abinka, ban sa komi ba," in ji ta. "So nike ka daɗe."

Sannan ta juya ga fataken, ta ba su labarin tiryan-tiryan, har sunan rijiyar da ke kusa da wurin da aka bar ɗanta. Wani dattijo ya janye kwanonsa daga na Ma'azu.

Daga ranar duk wanda ya ci tuwonta sai ya tafi da labarin, har Tawa, har Jega. Ba wanda ya sake ba Ma'azu kaya ko ɗa. Ya ƙare yana ɗaukar ruwa a zango.

Ta koma Lafagu da furfura. Sau da yawa Ma'azu ya aiko malamai neman gafara. Takan ba su abinci, ta raka su bakin jirgi, ta ce su gaya masa tana nan lafiya.