Ba mesa ce ta kashe Yaya Ɗanladi ba

Shekara arba'in da takwas ke nan cif da muka binne yayana Ɗanladi, amma har yau a garinmu idan jikokinsa suka yi faɗa da wani sai a ce musu jikokin mai maciji. Na gaji. Ni ce ƙanwarsa da ta rage a duniya, kuma sai da na aurar da 'ya'ya kafin na zauna a ajin yaƙi da jahilci na koyi riƙe biro. To yau biron nan zai yi aiki.

Yaya gadina ne, mai kula da fulawoyi a gidan wani Alhaji ɗan kwangila a Nassarawa GRA, zamanin da kuɗin mai ya fashe, mutum ya kwana da keke ya tashi da marsandi. Ba zan faɗi sunan Alhajin ba, shi ma ya tarar da abin da ya aika. Gidan ya saya daga hannun wani Bature da zai koma ƙasarsu, ya gaji har da abin da Baturen yake kiwo: mesa, a cikin akwatin gilashi mai tsawon gado. Da wani ne, da ya kira mafarauta su ɗauke ta. Shi kuwa Alhaji sai ya sa aka shigo da ita ƙaramin falo, don baƙi su gani su riƙe baki. Samun wuri, kuturu da gaɗa cikin rama.

Falon nan an liƙe tagoginsa da gilashi, an zuba labule da kafet, an kafa iyakwandishan da ba a kashewa, domin a lokacin sanyin ɗaki shi ne shaidar arziki. Maciji kuwa ba ya ɗumama kansa, sai abin da ya samu daga waje. Mesa ta daina cin kaji, ta kwanta kamar igiyar guga. Ku ji wauta: a Kano, inda Allah ya ba mu rana kyauta har ta yi yawa, aka sayi sanyi, sannan aka shiga neman zafin da za a kashe sanyin da shi.

Aka ɗora wa Yaya aikin. Da farko aka saƙala ƙwan lantarki a cikin akwatin, ta nannaɗe shi ta ƙone gefen jikinta. Aka kawo hita, ta yi 'yan makonni, wuta ta zo da ƙarfi ta ƙone hitar. Aka koma tafasa ruwa ana ɗurawa a kwalabe, kafin a juya sun huce. Ranar da ya zo mini Tudun Murtala yana ba ni labari yana dariya, na ce, "Yaya, ka bar gidan nan. Ɗan Musulmi ya zama mai renon maciji?" Ya ce, "Ke dai Kande bakinki ya fi ki girma. Halittar Allah ce, amana aka ba ni."

Cikin bazara Alhaji ya tafi Ikko, ya bar umarni biyu: kada a kashe iyakwandishan, kada mesa ta ji sanyi. Yaya ya yi abin da uwarmu take yi mana tun muna yara. Ya hura gawayi a kasko, ya kai kusa da akwatin, ya ja ƙofa don kada sanyin Alhaji ya fita. Bayan azahar ne, gari yana tafasa. Mutumin da ya wuni yana ban ruwa cikin rana ya samu kafet mai sanyi, ya kishingiɗa yana gadin garwashi. Da la'asar kuku ya buɗe ƙofa ya same shi. Babu cizo, babu rauni. Mesa tana nan da ranta.

Shi ke nan baki ya samu abin ci. Wasu suka ce numfashinsa ta zuƙe. Wasu suka ce tsafi yake yi da ita, alƙawari ya cika. Mutumin da ba ya rasa sahun farko! 'Yarsa Asabe, sai da masu neman aurenta suka riƙa janyewa ɗaya bayan ɗaya. Alhaji ya aiko da buhun shinkafa da saƙon cewa kwana ya ƙare. Na yarda kwana ya ƙare, ni ba kafira ba ce. Amma ajali da sababinsa yake zuwa, kuma babu mai ilimi ɗaya a unguwar manyan nan da ya buɗe baki ya faɗi sababin.

Sai a ajin manya, wata malamar kiwon lafiya tana mana bayanin kasko da sanyi, ta ce gawayi yana fitar da wata iska marar wari da ke sa barcin da ba a tashi, idan ɗaki a toshe yake. Ɗakunanmu na ƙauye, jinka da ƙofar asabari, iska tana ratsa su, shi ya sa muka tsira. Na ajiye biro na fita waje na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Rashin sani ya fi dare duhu. Ina fushi da Alhaji, ina fushi da masu surutu, shi ma Yaya ban ƙyale shi ba, da ya ɗauki amanar dabba ya manta ransa ma amana ne.

Yanzu ina ganin samari a waya suna nuna macizansu. An ce akwai shimfiɗar lantarki da ake sawa ƙarƙashin rabin akwati, da ɗan abin da ke yanke wuta idan zafi ya kai, ɗaya rabin a bar shi da sanyi don maciji ya zaɓi inda yake so. Da Yaya zai gani, na san zai gyaɗa kai ya ce an kyauta wa dabba. Ni kuwa cewa nake, an ba maciji zaɓi, yayana ko taga ba a ba shi ba. Kuma har gobe ana kai kasko da janareta cikin ɗaki a rufe ƙofa, gida ya mutu, a ce aljanu.

Yaya bai bar gida ba, bai bar gona ba. Ya bar Asabe da 'ya'yanta, da suna guda da aka ɓata masa a banza. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman a garinmu: gawayi ne, a ɗakin da aka toshe. Ɗanladi ya yi sallar azahar ɗinsa, ya mutu yana bakin aikinsa. Allah ya jiƙansa. Wanda kuma ya sake kiran yaran nan da wancan suna, ya zo ya faɗa a gabana, ina nan Tudun Murtala.