Hofulin Likita

Ba don fassara aka ɗauke shi aiki ba. Tura gadon marasa lafiya ne aikinsa, daga ɗakin gaggawa zuwa ɗakin hoto, daga tiyata zuwa ɗakin maza ko na mata, wani lokacin kuma zuwa ƙaramin ginin nan na baya da ba a son ambato. Karatunsa bai wuce aji huɗu ba, amma Allah ya ba shi kunne. Yawancin likitocin asibitin baƙi ne, Turanci suke yi, majinyata kuwa ba sa ji. Shekara uku yana tsaye a bakin ƙofa yana tsintar kalmomi kamar kaza a masussuka, har aka kai in likita ya rasa yadda zai yi sai ya ce a kira mai tura gadon nan. Daga nan sunansa ya ɓace, ya koma Tafinta. Har matarsa haka take kiransa in tana jin tsokana.

Akwai ƙananan kalmomin da likitoci ke maƙalawa a farkon magana, ya kuma san nauyin kowacce. In likita ya fara da luckily, to an tsallake rijiya da baya. In kuwa ya ce hopefully, wadda Tafinta ke kira hofuli, fata kawai yake yi kamar kowa, bai sani ba. Ma'aikata ma sun ɗauke ta. Ka tambayi mai shara ko famfo zai kawo ruwa yau, sai ta ce, "Hofuli," a kwashe da dariya.

Shi dai bai taɓa fassara ta yadda take ba. A ganinsa, wanda ya kwana uku a kan benci ba "wataƙila" yake bukata ba. Sai ya ce, "Likita ya ce za a samu sauƙi." Sau da yawa kuma ana samu, a bi shi da sa albarka har bakin get.

A shekararsa ta goma sha huɗu wani tela ya kawo matarsa, ciwon hanta ya ci ƙarfinta, idanunta sun yi ɗorawa. Yaransu uku suna can wajen kakarsu, tafiyar yini guda a mota, kuma tun da aka kwantar da ita take roƙon a kawo mata su. Bayan zagayen safe likita ya tsaya da telan a baranda, ya yi bayanin sabon maganin da za a gwada, ya fara da hofulin nan nasa. Telan bai kalli likita ba, bakin Tafinta ya zuba wa ido.

"Baba, me ya ce? In je in ɗauko yaran?"

Tafinta ya ga yadda likitan ke kallon takarda maimakon mutum. Duk da haka ya juya ga telan ya ce:

"Ya ce maganin zai yi aiki. Kwantar da hankalinka, ɗana. Ita za ta je ta same su da ƙafarta."

Telan ya shiga ya gaya mata da murnarsa. Ita kuwa ta juya fuska bango. Kwana biyu bayan haka, da hantsi, ta cika.

Tafinta ne ke bakin aiki, shi ya tura gadon. Telan na biye da shi, riƙe da silifas ɗinta a leda. Sai da suka kai ƙofar ginin baya ya yi magana, bai ko ɗaga murya ba.

"Ni ba na jin Turanci, shi ya sa na tambaye ka. Rai na Allah ne, ban ce kai ka kashe ta ba. Amma da ka ce mini likitan bai sani ba, da na kawo mata su."

Ranar Tafinta bai taɓa abinci ba. Matarsa ta ce, "Haba maigida, ai niyyarka alheri ce."

"Niyyata ba ta kawo yaran ba," in ji shi.

Tun daga lokacin ya daina yi wa magana kwaskwarima. In likita ya ce hofuli, sai ya ce, "Yana fata, amma ba shi da tabbas. In akwai wanda mara lafiyan ke son gani, a kira shi." Mutane ba su gode ba. Wata tsohuwa ta nuna shi da yatsa ta ce, "Kai ne Allah?" A ɗakin mata aka fara cewa bakinsa ba shi da kyau, in ya doso a ja labule. Sannu a hankali likitoci suka koma kiran wata nas mai jin harsunan biyu, shi kuwa aka bar shi da gadonsa. Ya ƙara shekara tara yana turawa, har gwiwoyinsa suka ƙi. Ranar sallamarsa aka ba shi agogon bango, aka sha lemo a tsaye.

Watan farko bayan ya ajiye aiki ya shiga mota ya tafi garin telan, don bai manta sunan garin ba. Ya yi ta tambaya har aka nuna masa shagon. Wani mai gyaran waya ya tarar a ciki, ya ce telan ya daɗe da kwashe yaransa ya bar gari, ba wanda ya san inda ya nufa. Tafinta ya zauna a bencin ƙofar shagon har gwiwarsa ta lafa, sannan ya nemi motar komawa.