Bazarar da Na Riga Kowa Ganin Shamuwa

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa daga kai, har sunayen jikokina wani lokaci sai na yi ta lalube kafin in kama na daidai. Amma bazarar da na riga kowa ganin shamuwa, ita kam sai dai a binne ni da ita. 'Yan shekaru ne bayan samun mulkin kai, ina ɗan ashirin da 'yan kai, a ƙauyenmu da ke tsakanin Bakori da Malumfashi. Mahaifinmu bai cika shekara da rasuwa ba, gida ya rage daga ni sai Inna, wato mahaifiyata, da ƙannena mata biyu. Kuma bari in faɗa muku tun yanzu, ni mutum ne mai rawar kai. In na ga abu, ƙafata ce ke riga hankalina tashi.

Yayana yana aikin dako a tashar jiragen ruwa ta Ikko. Da ya zo gida ganin Inna, sai ya kawo mini tsarabar da ta kusa haukata ni: madubin hangen nesa, mai ido biyu, baƙi, da igiyar rataya a wuya. Wani matuƙin jirgi ne ya bar masa. Ya ce mini a can bakin teku, in zafi ya fara shigowa, tsuntsaye kan taru a gefen tashar, wasu Turawa kuma su fito tun da sassafe su tsaya ƙiƙam suna leƙensu da irin wannan madubi. Wai tsuntsayen shirin tafiya suke yi, za su ƙetare hamada da teku su koma ƙasarsu.

Na ce, "Yaya, su harbe su ke nan?"

Ya ce, "Ina! Kallo kawai."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce lallai wanda ya ƙoshi ba ya rasa aikin yi. Ashe ciwon nan ni ma yana jirana.

Akwai wani babban tafki a fadamar da ke arewa da garinmu, wanda ko rani ya kai ina ba ya ƙafewa. Tun ina yaro nake wucewa ta wurin, ban taɓa ɗaukar cewa akwai abin kallo ba. Ranar da na fara ɗora madubin nan a idona, wallahi sai da na ja da baya, don zalɓen da ke can tsallake ji na yi kamar zai tsokane mini ido. Ga dinya, ga kirinjijiya suna ta fito, ga balbela fari fat. Ga kuma wasu ƙanana masu dogon baki da siraran ƙafafu suna ta guje-guje a bakin laka, waɗanda ba wanda ya san sunansu a garinmu. Yau in gan su tuli, bayan kwana uku ko ɗaya babu, wasu daban sun sauka. Sai na ce to, ni ma ga tashar jiragena. Kullum na idar da sallar asuba sai tafki. Samarin gari suka sa mini suna Sarkin Leƙe, ni ko a jikina.

To, a yankinmu akwai abin da kowa ya tashi ya tarar. Ruwan farko ba a cika yarda da shi ba, don yakan sauka ya jiƙa ƙasa, mutum ya zuba iri, sama kuma ta ɗauke ƙafa. Saboda haka sai a jira shamuwa. Tsallaken rafi akwai gidajen Maguzawa maƙwabtanmu, kuma a ƙofar gidan babbansu, wani tsoho da duk muke kira Baba, akwai wata ƙatuwar tsamiya da shamuwa ke sheƙa a kanta kowace shekara. Ba mai jifarta, ba mai taɓa ƙwanta. Daga bakin Baba ake jin cewa ta zo, sannan a ɗauki sungumi. Baba aminin mahaifina ne, tare suka yi ta gayya tun suna samari, kowa da addininsa.

Abin da ya sa maganar shuka ta fi tsaya mana a rai a shekarar nan shi ne iri. Mahaifina yana da wata kaura tasa, dawa mai manyan ƙwayoyi ruwan ɗorawa, wadda ya yi shekara da shekaru yana zaɓen zangarniyarta da hannunsa. Daminar da ya kwanta ciwo gonar ba ta samu kulawa ba, abin da aka samu kuma muka ci. Abin da ya rage shi ne ƙwarya ɗaya tal, wadda Inna ta gauraya da toka ta rufe a tukunya a ƙuryar ɗakinta. Ko yunwa ta yi yunwa ba ta yarda a buɗe tukunyar nan. Takan ce, "Abin da Malam ya bar mana ke nan."

Ana nan, wata Laraba da la'asar hadari ya taso daga gabas, aka sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ƙamshin ƙasa ya cika gari. Washegari dattawa suka fita suna tona ƙasa da hannu, laima ta kai har wuyan hannu. Wasu suka ce ruwan shuka ne, wasu suka ce a dai dakata, ba a ji daga tsallaken rafi ba. Ni kuwa na rataya madubina na nufi tafki.

Tun daga nesa na hango wani baƙi-baƙi a can ƙarshen fadama, inda ido ba ya iya rarrabe komai. Na ɗora madubi. La ilaha illallahu! Shamuwa ce. Ba ɗaya ba, ba goma ba, fadamar ta yi baƙi ƙirin da su. Ga farin cikin nan nasu, ga ɗan shuɗi a fuska, har jan da ke gwiwarsu ina gani. Suna tafe suna tsintar fara, wasu sun buɗe fukafukai suna shan hantsi. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin shamuwa da yawa haka ba. Abin da ya zo mini a rai kawai shi ne, yau ni ne na riga Baba.

Ban san lokacin da na zuba da gudu ba. Takalmina ɗaya ya maƙale a laka, ban ko waiwaye shi ba. Na shiga gari ina ihu, "Shamuwa ta zo! Shamuwa ta zo!" Mata na leƙowa ta kan danga, awaki na watsewa. Na faɗa gida ina haki, na tarar da Inna tana tankaɗe.

Ta ce, "Kai, lafiya? Wa ya biyo ka?"

Na ce, "Inna, fito da iri! Shamuwa ta zo, ta cika fadama!"

Ta ajiye rariya ta dube ni. "Daga bakin Baba ka ji?"

"Inna, wane Baba? Da idona na gani! Shi sai ta zo masa har ƙofar gida yake ganinta, ni kuwa tun daga nesa nake hango ta. Kwana nawa za mu yi muna jira laima na tafiya?"

Ta dubi ƙofar ɗakinta. Sannan ta ce, "To, kai ne namijin gidan yanzu." Ta shiga ɗaki ta fito da tukunyar. Har yau ina tuna yadda ta rungumo ta a ƙirji.

Ranar nan mun yi aiki da murna. Ina gaba ina sara da sungumi, Inna da ƙannena suna biye suna zuba iri suna rufewa da diddige. Har waƙa nake yi. Gidaje biyu ko uku su ma suka bi maganata suka fita. Kafin la'asar mun zube ƙwaryar nan kaf, ko ƙwaya ba mu rage ba.

Muna shirin komawa gida sai ga Baba yana tafe da sandarsa, labari ya kai masa. Ya gaisa da Inna, ya dubi gonar tun daga wannan kai har wancan, sannan ya juyo gare ni.

"Ɗana, a ina ka gan ta?"

Na ce, "A tafki, Baba. Sun fi a ƙirga." Ina faɗa ina taƙama.

"Ka ga ko ɗaya da kara a baki?"

Na ce, "Kara kuma?"

Ya girgiza kai. "Waɗannan matafiya ne, ɗana. Zango suka yi, su sha ruwa su ci fara su wuce arewa. Kowace shekara suna yi, ba dai mai zuwa can ya gan su ne. Tamu ba a cewa ta zo sai ta sauka a kan tsamiya ta fara jidar kara. Ita ba ta gina ɗaki sai ta tabbata."

Amma bakina bai mutu ba. Na ce ai shamuwa shamuwa ce. Baba bai yi musu da ni ba. Ya dai tambayi Inna ko ta rage wani abu a tukunya, ta ce a'a. Ya ce, "To, Allah ya kyauta," ya juya.

Da gari ya waye na koma tafki da sauri, ina fatan in ga ko guda ɗaya ta ɗauki kara. Hantsi na ɗagawa sai na ga sun fara tashi. Jama'a, ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba, kuma ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Suka riƙa hawa sama suna kewayawa, ba mai kaɗa fiffike, sahu a kan sahu, kamar guguwa ta ɗebi ganye. Na bi su da madubi har wuyana ya ƙage. Da suka kai inda suke so, sai suka miƙe arewa gaba ɗaya. Fadama ta koma wayam, daga ni sai zalɓe.

Shuka ta fito, kore shar, layi-layi gwanin sha'awa. Sama kuwa ta bushe ƙayau. Kwana bakwai, kwana goma, rana na dukan ƙasa. Na riƙa ɗebo ruwa a tulu daga rafi ina bi gindi-gindi, amma tulu nawa zai shayar da gona? Ganyen ya nannaɗe, ya yi fari, ya kwanta. Kafin mako uku ba abin da ya rage. Waɗanda suka bi maganata sun yi mini tatas, amma su suna da sauran iri a rumbu. Inna ce ba ta ce mini uffan ba. Da ma ta zage ni, da ya fi mini sauƙi. Na dai gan ta ta wanke tukunyar nan ta kife a bayan ɗaki.

Kunya ta hana ni shiga mutane, sai na koma zama a gindin wata kuka da ke fuskantar gidan Baba, ina leƙen tsamiya. Wata safiya iska ta juyo daga kudu, mai ɗan sanyi. Sai ga wata shamuwa guda ɗaya ta taho ƙasa-ƙasa, ta sauka a reshen sama. Na ɗora madubi. Kara ne a bakinta, dogo, har yana rinjayar ta! Na sake zubawa da gudu, halin dai ba ya barin mai shi, amma wannan karon gidan Baba na nufa.

"Baba! Ta ɗauki kara! Wallahi ta ɗauki kara!"

Yana zaune a kan turmi yana gyara ƙotar fartanya. Ya yi dariya har haƙoransa biyun da suka rage suka bayyana. "Tun jiya da yamma take jida, Sarkin Leƙe. Jeka ka kira mini uwarka."

Da Inna ta zo, ya shiga rumbunsa ya fito da zangarniya bakwai ɗaure da igiyar rama. Tun kafin ya miƙa na gane su, don ƙwayoyin nan ruwan ɗorawa ba su da na biyu a yankinmu.

Ya ce, "Shekarar da gobara ta cinye mini rumbu, mijinki ya kawo mini wannan kaura. Tun daga lokacin nake shuka ta a bayan gida. Ba ta da yawa, amma tasa ce."

Inna ta karɓa da hannu biyu. Matar da ba ta yi kuka a gabanmu ba ko ranar da shuka ta mutu, sai ga ta ta durƙusa a ƙofar gidan Baba tana share hawaye da bakin zane. Ni ma ban tsaya ɓoye nawa ba.

Kwana biyu bayan haka aka yi ruwa na gaske, wanda bai ƙara yankewa ba. Irin bai wuce kusurwa ɗaya ta gonar ba, sauran muka cike da farafara, kuma sai da muka yi damina uku kafin kaurar mahaifina ta sake rufe gonarsa. Ranar shukar, ina ɗaukar sungumi sai Inna ta karɓe shi ta ba ƙanwata, ni kuma ta miƙo mini ƙwaryar irin. Ta ce, "Kai za ka zuba. Ka ji nauyinsa a hannunka."

Na ji shi kuwa, har yau ina jinsa. Madubin nan yana nan a akwatina, ido ɗaya ya dushe, kuma duk bazara sai na sa an kai ni tafki na ga baƙin da suka sauka. Amma abin da na koya a shekarar nan shi ne, riga kowa gani ba shi ne sani ba, kuma kafin ka sa wani ya buɗe tukunyarsa a kan maganarka, ka je ka tambayi wanda ya daɗe yana kallo. Shi ya sa duk wanda ya shigo mini da gudu da labari mai zafi, ko na kasuwa ne ko na siyasa, nakan bar shi ya gama haki, sannan in tambaye shi abin da Baba ya tambaye ni: ka ga kara a bakinta?