Gawayi a Bakin Shebur

A shekarun da kuɗin mai suka fara yawo a ƙasar nan, lokacin da kowane malamin makaranta ya sayi babur, kowane birkila ya koma ɗan kwangila, ni ina ɗinki a wani ɗan shago kusa da gadar Wudil. Yayana direba ne a wani kamfani mai shimfiɗa bututun ruwa. Innarmu tana Darki, a gidan da Baba ya rasu ya bar ta, ba ta da abin dogaro sai gonarsa, musamman wani yanki na gefen fadama inda ake yi mata rake da albasa. Wannan yankin ne Baffa, ƙanen Baba, ya ce nasa ne.

Tun Baba yana da rai Baffa yake faɗar haka, ba wanda ya saurare shi. Da Baba ya rasu sai ya kai maganar gaban dagaci. Inna ta daina gaisawa da gidansa. Ni kuwa da bakina ba ya shiru, duk wanda ya zauna a bencin shagona sai ya sha labarin Baffan nan nawa mai son cin gonar marayu.

A wajenmu, in za a raba gona tsakanin 'yan'uwa, dattawa kan haƙa rami a kan iyaka, su zuba gawayi, su ɗora tsohon ruwan garma, wato ƙarfen ba ƙota, su binne. Ciyawar gamba da ake dasawa a iyaka tana mutuwa, bishiya ana sarewa, amma gawayi ba ya ruɓa. Haka kakanmu ya yi wa Baba da Baffa. Sai dai waɗanda aka yi a gabansu duk sun kwanta dama, kuma ba mai yarda a farfashe gona gaba ɗaya don neman ƙarfe guda. Inna dai ta rantse Baba ya taɓa kai ta ya nuna mata wurin da ƙafarsa.

Yaya ne ya zo da dabara. Kamfaninsu yana da wata na'ura, sanda ce mai faifai a ƙasa, ana yawo da ita a kan ƙasa, in ta zo kan ƙarfe sai ta yi kuka. Da ita suke gano tsofaffin bututu. Ya roƙi ogansa ya ara masa ita ranar hutu. Saura abin haƙa. A babur za mu je, ni a baya rungume da na'ura, ba inda doguwar ƙota za ta shiga. Ya ce sai shebur mai ninkewa.

Ranar Juma'a muka shiga kasuwa, layin masu kayan ƙarfe. Ni idona ya faɗa kan wani sabo fil, yana ƙyalli, mara nauyi, har da jakarsa. Na ce, "Yaya, ga shi nan, mu ɗauka mu tafi, na bar ɗinkin mutane."

Ko kallona bai yi ba. Ya buɗe shi, ya kafa bakin shebur ɗin a ƙasa, ya taka kafaɗarsa ya murɗa. Gaɓar da yake ninkewa ta kama rawa kamar haƙorin tsohuwa. Mai kaya ya yi tsalle, "Haba Alhaji, in za ka saya ka saya, kar ka kashe min kaya!"

Yaya ya ajiye. Ya ɗauki wani, ya ƙwanƙwasa ƙotar ya ji bututu ne ba komai a ciki, ya ajiye. Ya ɗauki na uku, ya ce bakin ya yi sirara, ƙasar rani za ta lanƙwasa shi. Wallahi raina ya ɓaci. Rana tana dukana, shanun da ake kaiwa kara don sayarwa suna wucewa suna taka mu, shi yana nan yana zaɓe sai ka ce mata zai aura. Can ƙasan tarin ya zaƙulo wani kore, mummuna, fentin duk ya ɗaɗɗaye, irin na soja da aka yi gwanjonsu bayan yaƙi. Ƙotar katako ce, gaɓar tana da wani ƙaton noti da ake murɗawa ya ƙulle. Ya ƙulle, ya hau kansa da ƙafa biyu. Ko gezau.

"Nauyi gare shi," na ce.

"Kai za ka ɗauka ai," ya ce. Duk hanya yabon shebur ɗin nan yake, har na gaji na daina amsawa.

Ranar da aka sa, muka tarar mutane sun cika bakin gona. Dagaci ya turo wakilinsa, wani dattijo mai ƙarancin magana. Baffa yana tsugune gefe da fartanyarsa. Na gaishe shi a daƙile, ya amsa ba tare da ya ɗago ba. Inna tana gida tana jiran labari.

Yaya ya kunna na'ura ya nufi inda Inna ta kwatanta. Bai daɗe yana lilo da ita ba ta saki kuka. Mutane suka ja baya, wani ya ce a'uzubillahi. Yaya ya buɗe shebur, ya ƙulle noti, ya fara. Ƙasa ta bushe ƙamas, amma shebur ɗin yana shiga. Bai kai kamu biyu ba muka ji ƙarar ƙarfe. Ruwan garma ne, ya yi tsatsa, daidai inda Inna ta ce.

Na yi kabbara har muryata ta dushe. Wakilin dagaci ya leƙa ramin ya daɗe, ya sa yatsa ya motsa ƙasar, ya ce, "Gawayin fa?" Na ce, "Haba Baba, ga ƙarfe a gabanka, wane gawayi kuma?" Ya ce to, ƙarfe dai ya fito, yanki na Inna ne. Baffa ya miƙe ya kaɗe rigarsa. Idonsa ya kaɗa, ya bi sahun mutane.

Da a nan muka tsaya, da shi ke nan.

Muna komowa ta tsakiyar gonarmu, Yaya ya manta bai kashe na'urar ba. Mun baro fadama ke nan ta sake yin kuka. Wurin fako ne, ƙasar kamar daɓen ɗaki. Wani manomi ya sara fartanya don wasa, ta yi tsalle ta dawo. Aka yi dariya. Baffa da kansa ya ce, "Ku bar shi, an gama magana." Ni ma na ce mu tafi, yunwa nake ji.

Amma an taɓa wa Yaya inda yake masa ƙaiƙayi. Ya ce, "Wannan ƙasar ce za ta gagari shebur ɗina? Ku matsa ku ga aiki." Ba don gona ya haƙa ba, wallahi, don a yaba abin da ya zaɓo ne. Ya ninke bakin ya zama kamar fartanya ya fasa fakon, ya miƙar da shi ya ci gaba. Gumi yana zuba, mutane suna cewa kai, wannan ƙarfe da kyau yake. Ya wuce gwiwa. Na tabbata da mai ƙyallin nan muka saya, da tuni ya karye mun tafi gida.

Sai ya ɗago shebur, bakin ya yi baƙi ƙirin.

Dariya ta ɗauke. Ya sake kafawa, gawayi ya fito gaɓa-gaɓa, sannan ƙarfe. Ruwan garma ne irin na da, mai faɗi, tsatsa ta kusa cinye shi. Wakilin dagaci ya karɓa da hannu biyu, ya dubi ramin, ya juya ya dubi na farko can nesa, da duk fadamar da ke tsakaninsu.

"Wannan shi ne na kakanku," ya ce. "Wancan daga baya aka binne shi."

Innalillahi. Na zauna a ƙasa daɓas. Ba wanda ya tambayi wa ya binne. Wa ya san wurin har ya nuna wa matarsa? Baba, mutumin da ya taɓa zane ni don na tsinki mangwaron maƙwabta. Yaya yana tsaye cikin rami, shebur a hannu, bakinsa a buɗe.

A tsakar gida muka sami Inna tana tsince wake. Ta ce, "Kun samu?" Ni na faɗa mata. Na ɗauka za ta yi kukan rake da albasa, don ta san daga ranar ba nata ba ne. Ko ambatonsu ba ta yi ba. Ta ture faranti, ta ce, "Ashe yana can kwance da ƙasar ɗan'uwansa a wuya, ni ina nan ina rantsuwa a kansa."

Ta ja mayafi ta fita, muka bi ta. Ta shiga gidan da ta yi shekaru ba ta taka ba, ta durƙusa a gaban ƙanen mijinta, a gaban matansa da 'ya'yansa. Ta ce, "Baffan yara, ƙasa taka ce, ka karɓi abinka. Yayanka ba shi da bakin roƙo yanzu. Don Allah ka yafe masa."

Baffa ya sunkuyar da kai.

"Ƙasar na yafe masa, har abin da aka ci a cikinta," ya ce. "Amma shekarun da na yi ina shiga masallaci ana nuna ni da baki ana cewa ga maƙaryaci, su kuma wa zai dawo min da su?"

Inna tana nan durƙushe har aka kira la'asar, bai ce ta tashi ba.