Kunyar Ɗan Fari da Gwiwar Kaka

Shekarun baya masu nisa, lokacin da ake ta shirye-shiryen karɓar mulkin kai, ina cikin 'yan mata ƙalilan da aka ɗauka koyon aikin jinya a asibitin mata da yara a nan Sakkwato. Ban yi aure ba tukuna. Ga farar hula ina goge ta da dutsen guga har ta tsaya ƙyam, in ɗora a kai ina tafiya ina jin duk garin ba wanda ya kai ni sani. Allah sarki ƙuruciya.

Malamarmu wata doguwar Baturiya ce, Sista muke ce mata. Allura da wankin miki kowa yana koya mana, amma ita abin da ta sa a gaba daban ne, wato halin yaro da abin da ke cin ransa. Takan ce akwai ciwon da abin awon zafi ba ya kamawa. Darasinta na farko shi ne ta zaunar da ke a tabarma kusa da yaro, ta hana ki taɓa shi, ta hana ki magana, ki dai zuba ido. In kin tashi ta tambaye ki ina yake kallo, me ya sa ya juya, wa ya shigo fuskarsa ta canja. Ƙawayena sun raɗa wa abin suna zaman kashe zani. Ni da bakina ba ya rufuwa, wannan darasi ya fi mini wankin bahon majinyata wuya.

Ana cikin tsananin zafin bazara wata tsohuwa ta kawo jikanta daga Tudun Wada. Yaron bai daɗe da cika shekara biyu ba. Ubansa falken shanu ne, ya kora garke zuwa kurmi, ba a san ranar dawowarsa ba. Tun da aka yaye yaron aka ɗauke shi daga ɗakin uwarsa aka kai shi wurin wannan kaka, kamar yadda aka saba, don ya manta da nono. Shi kuwa sai ya manta da abinci gaba ɗaya. Kunu, fura, madara, duk abin da aka kai bakinsa sai ya kau da kai ya fuskanci bango. In aka ɗura masa ya amayar. Likita ya duba shi ciki da bai, ba zazzaɓi, ba zawo, ba tsutsar ciki. Amma yana ta ƙarewa a gabanmu, wuyansa ya koma kamar sillen kara. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ba ya kuka. Ko allura aka yi masa sai dai ya lumshe ido.

Sista ta ce in je in zauna. Na shimfiɗa tabarmata na zauna, kakar tana harara ta, ni ina kallon jikanta. Wuni na farko ban ga kome ba sai ƙudaje. Sai can wata rana da hantsi na ji ƙarar awarwaro daga bakin ƙofa, cas, cas. Yaron da ke kwance kamar an zare masa laka ya ɗago kai. Bai juyo duka ba, amma idanunsa suka tafi ƙofar suka tsaya, yatsun ƙafarsa suna motsi. Na leƙa. Wata matashiya ce ta ajiye kwanon kunu a dokin ƙofa, ta juya baya, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta je gindin bishiyar bedi da ke harabar asibitin ta zauna. Da ƙarar ta ɗauke, yaron ya mai da kansa bango.

Uwarsa ce. Kullum tana zuwa, kullum iyakarta ke nan.

Na sheƙa da gudu na faɗa wa Sista. Ta ce da Hausarta mai karkata, "To me ya hana ta shiga? Ba ta son shi ne?" Na ce a'a, ɗan fari ne. Na yi mata bayanin yadda mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane, balle gaban uwar mijinta. Gidansu kuma jinin Fulani ne, kunyar ta ninka. Sista ta ce, "Ni na san abin da yaron yake so. Ke kin san abin da ya hana shi samu. In na shiga maganar nan zan ɓata ta. Taki ce." A ranar na ƙudura a raina yaron nan ba zai mutu uwarsa tana zaune a gindin bishiya ba.

Na fara da uwar. Na same ta na ce ta taso ta ɗauki ɗanta, umarnin asibiti ne. Ta ƙanƙame mayafinta, ta ce, "Malama, ki ruhwa min asiri. Gaban Inna? Da wane ido za ni dubin mutanen gidanmu?" Hawaye suna zuba amma ko motsi ba ta yi ba. Kashegari ma ƙin zuwa ta yi, ta aiko da kunun. Na ga na yi gyaran gangar auzinawa.

Sai na koma kan kakar. Na gyara hulata, na tsaya a kanta, na zazzage mata duk abin da aka koya mana game da yaro da uwa. Ta bar ni na gama tas, ta tofar da tukar goro, ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke ɗiyar wa ta cikin garin ga? Kin haihu?"

Na ce a'a, Inna.

"To ni na yaye takwas. In yag ga uwatai yanzu, yayen ya warware, a koma hwarko. Haka munka taras, haka munka yi. Ki tai ki kawo magani in kina da shi, in babu ki ba ni wuri."

Na ba ta wuri kuwa, hulata ta yi laushi. Da na koma gida da yamma na kasa cin tuwo. Mahaifiyata tana kaɗi a tsakar gida. Ni ma ɗiyar fari ce, tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, sai dai "ke" ko "waccan". Na ba ta labari, cikin haushi na ƙara da cewa wannan al'ada ta rashin tausayi ce, ni kaina shaida ce, wa ya taɓa ganin ta ɗauke ni? Ba ta dube ni ba, mazarinta yana ta juyawa. Ta ce, "Wanda bai gani ba ai waje yake. Ke kin san abin da aka yi in an sauke asabari? Kunya don idon mutane a ka yin ta. Kin tai kina hwaɗa da kunya, kin bar idon zaune."

Maganar ta shige ni ta wuri biyu, amma a lokacin ɓangaren yaron kawai na ɗauka. Ashe ba sai na karya kome ba. Abin da nake bukata shi ne kakar ta tashi daga ɗakin nan, ita kuwa ko alwala a bakin ƙofa take yi.

Na sauya salo. Na daina wa'azi, na koma gaisuwa. In na zo in durƙusa har ƙasa, in kawo mata goro, in ɗebo mata ruwan randa mai sanyi, in zauna ina yi mata fifita tana ba ni labarin yadda ake tsallaka gulbi da shanu a zamanin mijinta. Na lura duk sanda za ta miƙe sai ta dafa bango ta cije leɓe, gwiwarta ta dama ta kumbura. Na lura kuma da wani abu. In awarwaron nan ya yi ƙara, ba yaron kaɗai ke duban ƙofa ba. Ita ma tana kallon jikanta ta wutsiyar ido, sannan ta sunkuyar da kai. Ta gani sarai, ta riga ni gani ma.

Amma jiki yana ta tafiya. Ranar wata Juma'a na shigo na tarar ta naɗe tabarmarta, ta ɗaure kayanta a ƙullin zani. Ta ce asibiti ya gaza, za ta mai da shi gida a yi rubutu da hayaƙi. "In tahiya za shi yi, shi tahi ɗakin ubanai."

Ban san sanda na tsaya a bakin ƙofa na baza hannuwa ba. Tare wa babba hanya ba tarbiyyar gidanmu ba ce. Na sauke hannuwan na durƙusa a wurin, amma ban kauce ba. Na ce, "Inna, ba ni hana ki tahiya. Amma gwiwar ga taki ba ta kai ki Tudun Wada da goyo. Sista na da wani man zahi mai kyau. Ki zo ta duba miki, can ɗakinta, bayan asibiti. Ki bar yaron nan shi huta, ba mai shiga."

Na faɗi "ba mai shiga" ina kallon gindin bedi. Ita ma ta kalli wurin. Ta dawo da idonta kaina ta daɗe. Ni na san ta gane, ita ma ta san na san ta gane. Da ta ga dama a nan za ta wanke ni tas a gaban jama'a.

Sai ta ajiye ƙullin kayan. Ta ce, "Gwiwar ga ta daɗe tana cina. Kuma irin wanga ciwo ba a dubinai da gaugawa."

Ta dafa kafaɗata muka fito. Da muka zo daidai surukarta ba ta dube ta ba, ta yi magana kamar da iska take yi: "Kunun ga na hucewa. Wani shi kai shi ciki." Na raka ta wurin Sista, na dawo da sauri. Gindin bedi ba kowa, kwanon ma babu. Na sauke asabarin ƙofar, na juya baya na zauna a waje ina gadi, na kori mai shara, na kori har ƙawata da ta zo da ma'aunin zafi.

Shiru ya yi yawa har na fara tsorata. Can sai kuka ya ɓarke. Kuka mai ƙarfi, na fushi, irin na yaron da aka yi wa laifi ya ga mai laifin. Duk ɗakin jinya aka ɗaga kai. A ƙarƙashin kukan ina jin wata murya ƙasa-ƙasa tana rarrashi, tana kiran wani suna da ban taɓa jin an kira shi da shi ba. Na zauna a wurin ina share hawaye da farar hular nan da nake ji da ita.

Ranar cokali kaɗan ya sha, kuma bai amayar ba. Tun daga nan gwiwar kaka ta zama sai an duba ta safe da yamma. Sista, da ke da aiki har wuya, takan durƙusa ta yi ta murza man zafi, tsohuwa tana gyara mata Hausa. Ba wanda ya taɓa ambatar abin da ake yi a ɗayan ɗakin. In kaka ta dawo takan yi gyaran murya tun daga nesa, kafin ta iso matashiya ta koma gindin bedi ta rufe fuska. Nono kuwa ba a mayar masa ba, yaye bai warware ba. Sannu a hankali ya zauna, ya fara rarrafe, har wata rana ya fizge mini hula ya jefa cikin kwanon fura. Ban taɓa jin daɗin ɓarna kamar ta ranar ba.

Na yi shekaru masu yawa a wannan aiki bayan haka, na ƙaro karatu, na koyar da wasu. Abin da nake faɗa musu shi ne, in iyali suka kawo yaro, kada ku yi saurin neman mai laifi a cikinsu. Sau da yawa kowa a gidan ya san maganin, hanyar da zai bi bai zubar da mutuncinsa ba ce ya rasa. Aikinku ku share masa hanyar, ku kau da kai.

Amma abin da har yau na kasa mantawa shi ne ranar sallama. Uwar ta yi gaba da kaya a kai, ko waiwaye babu. Kaka ta goya yaron, na raka ta har bakin titi ina tsokanar ta, na ce to Inna, yanzu wa zai riƙa duba mana gwiwa? Ba ta yi dariya ba. Ta gyara goyon, ta dubi hanya, ta ce:

"Na ce miki na yaye takwas. Bakwai na raya. Ɗana na hwari, haka yay yi, shi ma bango yad duba har yat tahi. Ina bakin ƙohwa da kwano. Ni ba wanda yat tashi yab bar muna ɗakin."