Kifin da Ya Hau Kan Duwatsu

Letterio ya gaji zanen taswirar teku wurin mahaifinsa a Messina. A kan fatar tunkiya ake yin ta, a jera sunayen tashoshi a bakin gaɓa, manya da jar tawada, ƙanana da baƙa. Duk inda dutse ya ɓuya a ƙarƙashin ruwa, sai a ɗiga ɗan gicciye. Mahaifinsa bai taɓa barin taswira ta fita ba sai ya bi gicciyen nan da yatsa.

Ko da Letterio ya fara furfura, matuƙan jirgi sun koma sayen bugaggun taswirori na ƙasar Holan. Attajirai ne suka rage masa, masu son abin ratayawa a bango: ruwan zinariya, raƙuma, sarakuna a cikin tanti. Bai so ba, amma yana da 'ya'ya mata huɗu. A tashar jirage kuwa yakan bari a ɗauka aikinsa yana shiga teku har yanzu.

Wani dillalin siliki, Don Saverio, ya duba taswirar da ya sa a yi masa kafin a gama, ya nuna gicciyen yana yatsina fuska.

"Wannan kashin ƙudan fa? Kankare shi, ka sa mini ƙaton kifi."

"Ranka ya daɗe, duwatsu ne."

"A falona? Wa zai nutse?"

Letterio ya ɗauko wuƙa ya kankare. Kifin ya yi kyau ƙwarai.

Ranar bikin 'yar Don Saverio aka cika falon, Letterio ma yana cikin baƙi. Har da Cosimo, tsohon matuƙi, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa da taswirar mahaifin Letterio a ƙirjinsa. Ya daɗe tsaye gaban bangon, kofi a hannu, sannan ya ɗora yatsa a kan kifin, ya dubi Letterio.

"Mutumina, ashe kifi ya haɗiye duwatsun? Da ya yi da wuri, ai da ƙanena yana nan."

Baƙi suka kwashe da dariya, ba su san ƙanen ba. Letterio ya san shi, ya kuma san duwatsun da suka ci jirginsa. Cosimo ya dafa kafaɗarsa ya wuce wurin gasasshen nama.

Letterio ya ci gaba da zanen raƙuma da kifaye har idonsa ya gaza. Amma daga ranar bai sake rubuta sunan gidansu a jikin fatar taswira ba, ko mai saye ya roƙa.